Inshorar da Ake Saya Kafin Ciki

Matar da ke gabana a layin ofishin inshorar lafiya a Flint, a Amurka, tana sanye da rigar sanyi ta maza, ciki ya hana ta zugewa. Akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa a hannun rigar. Ina jin ɗakin jariri ta yi wa fenti.

"Likita ya ce ɗan ba zai rayu ba, dole a cire shi," take gaya wa ma'aikaciyar.

"Ki yi haƙuri, Madam Wozniak, doka ce. Inshorar zubar da ciki daban take, kuma tun kafin a samu cikin ake saya."

"Shekara shida ina neman cikin nan, 'yar'uwa. Da wace zuciyar zan saya?"

A talabijin ɗin bango 'yan majalisa suna ta musu kan dokar. Ba ta ko kallonsu. Sai ga ta ta dafe cikin da sauri. Ina jin motsi ya yi.