Ɗakin Baffa a Kan Hanyar Ruwa

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai ji da kanta. Ina da shagon atamfa da leshi a kasuwa a nan Gombe, ina da miji malamin makaranta mai sanyin hali, da yara huɗu, sannan ina da bakin da ni kaina wani lokaci yakan ba ni tsoro. In na ce abu fari ne, to fari ne ko da kowa yana kallon baƙinsa. Shekarun tashin hankali ne, duk hanyar da ka bi shingen bincike, mutanen Borno da Yobe suna ta kwararowa cikin gari da ƙullin kayansu. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni shi ne mahaifina, wanda muke ce wa Baffa. Yana can rugarmu ta wajen iyakar Yobe, ga tsufa, mahaifiyarmu ta rasu, ƙannena maza sun yi kudu da sauran shanun. Duk ranar da na ji an shiga wani ƙauye ta can, sai in kasa cin abinci.

Na yi roƙon duniya ya dawo gari wurina, ya ƙi. Wanda bai san kunyar Fulani ba zai ce taurin kai ne, amma ba haka ba ne. Ni ce 'yar fari, tun da aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba, ko magana zai yi mini sai ya kalli gefe. Mutum irin wannan ne zai kwana a gidan suruki, su haɗa ƙofa da tsakar gida da banɗaki? Ai ya gwammace ya kwana a daji. Da ƙyar Goggo, ƙanwarsa, ta shawo kansa. Ta kawo mini saƙo cewa zai zo, amma sai in akwai ɗaki mai ƙofarsa daban, inda ba zai yi kiciɓis da mijina ba sai a masallaci.

Ana cikin haka wani dillali ya kai ni wani gida a unguwar Arawa. Ɗaki huɗu ne a ciki, a bayansa kuma ga ciki da falo sabo fil, da banɗakinsa, ƙofarsa tana kallon wani lungu daban. Wallahi da na gani sai da na yi ƙwalla, na ce Allah ne Ya gina wa Baffa wannan. Dillalin ya ce mai gidan ne ya ƙara su kwanan nan don ya ba 'yan gudun hijira haya, yanzu kuma zai bar garin shi ya sa yake sauri. Mijina ya ce mu ɗan dakata, mu kai takardun ofishin masu tsara gari a duba, mu ɗauko mai awo ya gwada filin, abin da bai wuce kwana biyu ba. Na yi masa dariya, na ce ƙa'idar malaman makaranta ta motsa, komai sai an ja masa layi da jan biro. Ga takardar fili da hatiminta, ga mai unguwa zai sa hannu, ga dillali yana cewa gobe wani Alhaji zai zo da kuɗi a hannu, me kuma ake jira? Ya ƙyale ni, don ya san in na hau ba na sauka. A ranar aka yi ciniki, na sa hannu a takardar da ko karanta ta ban yi ba.

Ranar da Goggo ta kawo Baffa, rani ne, ko ɗigon ruwa babu a ƙasa. Bai shiga ɗakin ba sai da ya zagaya shi da sandarsa. Ya tsuguna a gindin bango, ya ɗebi yashi ya murza, ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke sama da mu, ya dubi gangaren da ke ƙasa. Sai ya ce wa Goggo, yadda zan ji, wannan wuri hanyar ruwa ce, yashin wankakke ne, shi a ruga ko ɗan maraƙi ba zai ɗaure a nan ba. Ni kuma da bakina, Allah Ya yafe mini, na ce wa Goggo ta gaya masa nan birni ne ba ruga ba, takarda ce ke magana. Baffa ya miƙe. Ya kakkaɓe hannunsa, ya yi bismillah ya shiga.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata. Baffa ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki, na saya masa awaki biyu don kada hannunsa ya zauna haka. Tsofaffin unguwa suka saba da shi, har ana kawo masa dabba marar lafiya ya duba. Da safe in aika masa da fura da nono, kwanon ya dawo a wanke. Ya yi kumatu, tarin da yake yi ya tafi. Ni kuma na daina firgita in an buɗe rediyo.

Da damina ta kankama sai maganarsa ta fito. Ruwa ya gangaro daga tudu, ya tarar da bangon ɗakin Baffa a gabansa, ya karkata ya faɗa gidan maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki marayu da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ruwan farko ya jiƙa mata gyaɗa. Na biyu ya kayar da katangar madafinta. Ta zo har gida da sallama, cikin mutunci, ta ce shekararta talatin a nan ruwa bai taɓa shigar mata ba sai da aka yi wannan gini, ko za mu zauna da mai unguwa a san yadda za a yi. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ce ni na saukar da ruwan? Na ce kowa ya gyara katangarsa, ni da kuɗina na sayi gidana. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ta ja mayafinta ta fita. Bayan ruwa na uku mutanen layin suka haɗu suka kai ƙara, kuma ban ga laifinsu ba yanzu.

Ma'aikatan tsara gari suka zo da taswira da igiyar awo. Ina tsaye ina huci suka gwada. Filin da ke cikin takardata ya ƙare daidai bangon baya na babban gida. Ɗakin Baffa gaba ɗayansa a kan magudanar ruwa yake, kuma babu wanda ya taɓa neman izinin gina shi. Na ce ai ba ni na gina ba, su je su nemi wanda ya gina. Babban cikinsu, wani mutum mai natsuwa, ya ce Hajiya ta yi haƙuri, su mai gida suka sani, kuma yau ni ce mai gida, wanda ya sayi gida ya saye shi da laifinsa. Suka shafa jan fenti, suka ba ni wa'adi in rushe da kaina, in kuma tayar wa dattijuwar katangarta. Na nemi wanda ya sayar mini, waya a kashe. Dillali ya ce shi haɗawa kawai ya yi. Lauyan da na je wurinsa ya karanta mini takardar cinikin, ashe a ciki na yarda cewa na duba gidan na karɓe shi yadda yake.

Asarar ginin ba ta dame ni ba kamar inda zan sa Baffa. Na bi gari lungu-lungu neman ɗaki kusa da mu, babu, ko shago mutane sun cika. Na roƙi Goggo ta gaya masa ya shigo cikin gida na ɗan lokaci. Mijina, Allah Ya saka masa, ya ce shi zai koma kwana wurin abokinsa har a samu mafita. Baffa ya ce ba za a fitar da mutum daga gidansa saboda shi ba, kuma ba zai ƙara kwana a ɗakin da ke sa marayu kwana cikin ruwa ba. Da ƙafarsa ya je ya ba dattijuwar haƙurin da ni na kasa bayarwa, ya bar mata awakinsa biyu. Kwana ɗaya kafin masu rushe ɗakin su zo, ya naɗe buzunsa. A tasha na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Ya kalli gefe ya ce a zauna lafiya da maƙwabta. Bai ce ai ya faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan ya zage ni.

Ya koma ruga, layin waya ya ɗauke a yankinsu, hanya ta zama sai an yi shahada. Na yi wata biyar kafin in samu ɗaki a layinmu. Na share, na sa sabuwar tabarma, na aika da saƙo ta hannun masu kawo shanu kasuwa. Amsar da ta dawo ita ce zazzaɓi ya kama shi, babu asibitin da ke aiki kusa, an yi kwana huɗu da binne shi.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ko a Gombe yake sai ya tafi. Amma da a hannuna zai tafi. Abin da na koya shi ne takarda tana iya zama ta gaskiya, ginin da ke tsaye ya wuce abin da ta ce, kuma ranar da asiri ya tonu ba wanda ya gina za a nema ba, wanda aka tarar za a kama. Don Allah, duk mai shirin sayen gida, ya kai takarda a duba, ya sa a auna, ya tambayi izinin kowane ɗaki da aka ƙara, ya gaisa da maƙwabcin da ke ƙasa da shi ya ji yadda damina take yi musu. In dillali ya ce gobe wani zai saya, a bar wa wanin. In kuma babba ya yi magana, ko bai san baƙi ba, a tsaya a ji. Ni ban tsaya ba, kuma har yau da kwatance kawai na san inda kabarin mahaifina yake.