Ƙotar da Aka Laƙa wa Ɗantsoho

Shekara talatin da 'yan kai Malam Ɗantsoho ya yi yana sassaƙa ƙota a bayan kasuwar Argungu, ta fartanya da ta gatari da ta guduma. Ba ya aikin gaggawa. Icen marke yake sarowa, ya jingine shi a zaure wata shida kafin gizago ya taɓa shi.

Bara wani ɗan kwangila mai suna Musaddiq, da ke gina gidaje a Gesse cikin Birnin Kebbi, ya aiko masa da kan wata babbar guduma, wai a sa mata ƙota a ranar. Ɗantsoho ya ce sai jibi. Musaddiq ya sa aka karɓo kan, ya ba wani a bakin titi, aka fere ɗanyen dogonyaro aka zura, aka buga ƙusa biyu.

Kwana tara icen ya bushe ya motse. Wani lebura ya ɗaga gudumar zai fasa dutse, kan ya fice ya sauka a ƙafar Arzika, magidanci mai 'ya'ya biyar da ke kwaɓa siminti a gefe. Ƙashi ya karye wuri biyu. Da dangin Arzika suka zo da faɗa, Musaddiq bai ko ji kunya ba, ya ce musu aikin masassaƙin Argungu ne.

Maganar ta kai Argungu ranar kasuwa. Manoman da suka saba sayen ƙota wurin Ɗantsoho suka riƙa wucewa suna kau da kai. Ɗantsoho bai ci abinci ba ranar. Washegari ya ɗauki gizago da busasshen marke guda, ya shiga motar Birnin Kebbi.

Ya tarar da Musaddiq tsaye cikin leburorinsa.

"Alhaji, a kawo mani ƙotar da kac ce tawa ce."

"Baba, ka yi haƙuri, magana ce ta wuce."

"Ga wa ta wuce? Mutum na kwance, sunana na yawo."

Wani lebura ya zaro ta daga bayan tulin bulo. Ɗantsoho ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Ku dubi wagga ƙusa. Tun da nike ban taɓa buga ƙusa ga guduma ba. Ku shinshina iccen kuma."

Aka shinshina, ɗacin dogonyaro na nan. Musaddiq ya shiga latsa waya.

Nan ƙasa Ɗantsoho ya zauna, ya sassaƙe marken, yana gwadawa yana ragewa har ya shiga ramin kan gudumar da ƙyar. Ya tsaga bakinsa, ya danna siririn ice a tsagar, ya doka har ya cije. Ya miƙa wa leburan da gudumar ta suɓuce wa. Mutumin ya ɗaga ta, ya fasa dutse uku a jere.

Musaddiq ya zaro kuɗi. Ɗantsoho ko kallonsu bai yi ba, ya tambayi gidan Arzika, aka ce unguwar Badariya, ya tafi dubiya.

Har yau Musaddiq bai je gaban dangin ya janye maganarsa ba, gidajensa kuwa an gama har an shiga. Arzika ya tashi, amma da ɗingishi, aikin gini ya gagare shi. Albasa yake kasawa yanzu a unguwar Nasarawa.