Alwala Bakwai a Bakin Iyaka

Ko zan manta komai na samartakata, ba zan manta ranar da alwala ta kusa hana ni ganawa da mahaifiyata ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba. Ina zaune a Jibiya, Inna kuwa tana ƙauyensu ta wajen Maraɗi, wanda aka wayi gari aka ce ya zama na Faransa. Da hantsi saƙo ya iso cewa jikinta ya tsananta, tana nemana. Ni da Kawu, ƙanenta, muka kama hanya ko karyawa ba mu yi ba.

Tun tasowata nake fama da waswasi. In na wanke hannu, sai zuciyata ta ce ruwa bai shiga tsakanin yatsu ba. In na sake, sai ta ce ai niyyar ce ba ta ƙullu ba. Mutane suna yaba mini tsoron Allah, ni kuwa na san wahala ce zalla.

Azahar ta riske mu a rijiyar da ke dab da turken iyaka. Kawu ya idar da sallarsa har ya shafa, ni ina tsugune ina alwala ta bakwai. Ranar abin ya zo mini da sabon salo: wai in na yi salla da gurguwar alwala addu'ata ba za ta karɓu ba, Inna ta mutu, kuma ni na kashe ta. Na san shirme ne, wallahi na sani, amma hannuna ya ƙi sakin buta.

Kawu ya zo ya tsaya a kaina, na faɗa masa ina hawaye. Bai yi mini dariya ba.

"Kai ka riƙe da ran yayata, ko Allah?" in ji shi. "Malamai sun ce wanda shakka ta zame ma ciwo ba shi waiwayarta. Alwalarka ta fari ta yi. Tashi."

Ya karɓe butar ya tuttule ruwan a yashi. Haka na tashi na yi salla. Muka wuce masu gadin Faransa, har lokacin zuciyata tana ce mini in koma in gyara. Ban koma ba.

Da la'asar sakaliya muka tarar da Inna an jingina ta da bango tana kurɓar kunu. Don daɗi na zube a gabanta. Kawu bai rufa mini asiri ba, ya kwashe labari ya ba ta. Ta yi dariya har da tari, ta ce da ta tafi ina can ina wanke gwiwar hannu, wa za ta sa wa albarka? Sai da ta ƙara damina huɗu a duniya.

Waswasin bai rabu da ni ba har tsufana. Amma tun ranar na gane ba ya ƙoshi, ko rijiya guda zan ƙarar masa. In ya ce in sake, sai in ajiye buta in tayar da salla, shi ya san ta kansa.