Rudun Albasar da Na Hana a Tsince

Malam edita, shekara huɗu da suka wuce ni ƙaramin ɗan kasuwar albasa ne a wani gari kusa da Malbaza, irin waɗanda ke sayen buhu ɗari lokacin cira, su zuba a rudu, su jira ƙarshen damina kuɗinta ya tashi. Rudu, ga wanda bai sani ba, rumbu ne na kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa. Ina da zafin kai, ina da baki, kuma a lokacin ina ganin duk kasuwar nan babu mai wayona. Shekarar ta zo da tsanani. Kuɗin mota ya hau, buhun zuba albasar ya hau, dillalai kuwa, Allah ya isa tsakanina da su, sai sun lashe rabin ribar mutum suna yi masa dariya. Biyu daga cikin abokan sana'ata sun bar harkar sun koma kabu-kabu a Ƙonni. Tsoro ya kama ni, domin albasar nan ita ce duk abin da na mallaka.

Ana haka wani abokina ya dawo daga wani taron ƴan kasuwa da jaka a rataye da bakinsa cike da surutu. Mutumin da bai taɓa ajiye ko kwando ɗaya na albasa ba, shi ya zaunar da ni yana koya mini sana'ar ubana. Ya ce duk mai son ya tsira sai ya tsuke bakin aljihu, ya duba inda kuɗi ke zurarewa ya toshe. Har yau in na hango shi sai na canza hanya, ko da yake na san bai sa mini wuƙa a wuya ba.

Inda na fara dubawa shi ne wajen masu tsinta. Al'adarmu ce duk mako mata su shiga rudu su juya albasa, su fitar da wadda ta fara laushi tun ba ta shafa wa sauran ba. Ana ba su ɗan abin hannu, kuma mai laushin tasu ce, su kai gida su yanka su shanya su sayar. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce shugabarsu. Mijinta ya rasu, da wannan aikin take riƙe ɗiyanta uku. Sai shaiɗan ya raya mini cewa kwandunan da suke fita da su sun cika girma. Wata Laraba na tare su a bakin rudu, na sa aka juye kwandon yayata a ƙasa, na tsinto albasa biyu da nake gani lafiyayyu, na ɗaga su gaban mutane na ce ashe ɓeran cikin gida ke cina. Ba ta yi hayaniya ba. Ta ce in matsa wuyansu in gani. Na ƙi matsawa, na ce daga ranar kada in sake ganin ƙafar ɗayarsu a nan, ni zan riƙa dubawa da kaina. Ta ɗaure zanenta ta ce lallai albasa ba ta yi halin ruwa ba, babanmu bai taɓa juye kwandon kowa ba. Maganar ta ƙona ni, na bi ta da baƙaƙen maganganun da ba zan rubuta su a nan ba.

Ban tsaya nan ba. Don in huta da gyaran rudu na biyu, sai na haɗe albasar duka cikin ɗaya, na jibge ta har kusan rufi. Dubawar da na ce zan yi kuwa, sai in leƙa in ga ta sama ja wur tana sheƙi, in ja ƙofa ina jin daɗin abin da na rage. Ruwa ya sauka, ya zauna. Maƙwabcin ruduna ya ce yana jin wani wari, na ce masa hassada ce ke toshe masa hanci. Da kuɗin albasa ya tashi, masu manyan motocin Abijan suka iso, na kawo mai saye ina taƙama. Muna ɗaga ta sama sai hannuna ya nutse cikin taɓo. Baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashi, ƙudaje sun tashi, mutumin ya rufe hanci da rawaninsa ya fita bai ko yi mini sallama ba. Dillalan nan suka taru suna jajanta mini da baki, idonsu na dariya.

Washegari da safe na tarar da yayata a wurin tare da matan nan su huɗu, ba wanda ya kira su. Kwana biyu suna tono cikin warin nan, suka ceto mini buhu goma sha tara, waɗanda da su na sake tsayawa da ƙafata. Na miƙa mata kuɗi, ta ƙi ko kallonsu. Mai laushin da hakkinsu ce, suka tara ta tsibi guda a ƙofar gidana. Ta aiko a faɗa mini in ƙirga kayana da kyau, kada gobe in ce ɓera ya ɗauki ɗaya. Tun daga ranar ba ta sake taka gidana ba. Na aika manya, na je da kaina, tana amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙo. Yanzu rudun maƙwabcina take tsinta.

Ban ce kada a rage kashe kuɗi ba, wanda bai rage ba a zamanin nan zai rufe. Amma ni garin neman gira na rasa ido. Ƴan'uwana masu ƙaramar sana'a, kafin ku yanke wani abu ku tambayi kanku me yake tsare muku, kuma kada tsoron talauci ya sa ku kira mai taimakonku ɓarawo. Albasa na sake saye, ga ta nan cike da rudu biyu. Duk Laraba wasu mata ke shiga su juya ta, ni kuwa sai in bar wurin, don ba na iya kallon kwandunansu.