Kular da na mayar a cike

A Manawashi har yau akwai matan da ke amsa gaisuwata ciki-ciki, wai ni ce marar kunyar da ta mayar wa dattijuwa kularta a cike. Haka aka yi, ban musa ba. Amma babu mai son jin abin da ke cikin kular.

Shekarar da 'yata ta fari za ta rubuta jarrabawar shiga jami'a ce. Likita take son zama, ta yi ta karatu har wuyanta ya fito kamar na zabuwa. Kullum tana zuwa darasi a Bolari, da rana kuma ta ci abinci a shagon maƙwabciyarmu da ke bakin tasha. Dattijuwa ce, tare muke zumuntar mata a coci, kowa Mama yake ce mata. Hankalina kwance, ai a hannun gida take ci.

Ana gobe jarrabawa ta ci teba da miyar agushi a can. Kafin magariba amai da zawo sun kayar da ita. A keke napep muka kai ta asibiti, kanta a cinyata. Da safe sa'o'inta suna gaban kwamfuta, ita tana kwance ana ƙara mata ruwa, tana tambayata ko za a jira ta. Wa zai jira ki, 'yar nan? A gadon kusa da ita wani direba ne, shi ma agushin Mama ya ci.

Da ta samu barci na tafi Bolari, na shige bayan shagon ba sallama. Firiza a kashe, an kwana biyu ba wuta, ruwan nama na bin ƙasa. Na tarar da Mama tana juye ragowar miyar jiya, mai kumfa a sama, cikin sabuwar tukunya. Sai ta ɗebi jiƙaƙƙiyar kanwa ta zuba.

Na ce, “Mama, kanwar ta mece ce?”

Ta ce, “Ta kashe tsami mana, Malama. Ke ba mace ba ce?”

“Miyar nan ta lalace! Yarinyata na asibiti!”

Ta lakato da yatsa ta lasa. “Ga shi na sha, na mutu? Tun ba a haife ta ba nake wannan sana'a. Abinci ba a zubarwa, zunubi ne. Yaran yanzu ne cikinsu kamar na Turawa.”

Kanwa tsami take ɓoyewa, ba ta mayar da ruɓaɓɓe lafiyayye. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, Mama ba muguwa ba ce. Da zuciya ɗaya take ba mutane wannan abu, tana musu addu'ar sauka lafiya.

Da yamma sai ga ta a asibiti ta zo dubiya, da mata biyu na zumunta, da kula a ɗaure cikin ɗankwali. Ta dafa goshin yarinyar, ta yi addu'a mai tsawo. Ta ce, “Ga ɗan abin taɓawa, ta samu ƙarfi.” Na buɗe. Agushi.

A wurinmu in an kawo maka abinci, godiya kake yi, ka wanke kula, ka sa ɗan wani abu a ciki ka mayar. Ni na rufe, na ɗaure ɗankwalin yadda ya zo, na ɗora mata a cinya. Na ce, “Mama, ki kai wa jikokinki.”

Matan suka riƙe baki. Kafin Lahadi labari ya zaga unguwa, aka zo ana ba ni baki in je in ba da haƙuri. Na ce a fara zuwa a leƙa tukunyar. Babu wadda ta je.

Shagon na nan, ana layi. 'Yata ta yi shekara guda a gida tana kallon ƙawayenta suna ɗaure akwati. Ɗaya daga matan nan ta gaya mini daga baya, tana ganin laifina take ƙara bayyanawa, wai saboda baƙin ciki Mama ko gida ba ta kai kular ba, a kwata ta juye ta. Na ce ashe dai ana zubarwa.