Ɗauko Kaka daga Gesheme a Tsohuwar Motar Kumandan

Talata: Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa

Mun bar Dogon Dutsi ladan bai ko gyara murya ba, ni da Kawu Arzika, ƙanen innata. Ba son sammako ya tashe mu ba, motar ce ba ta shiri da rana. Kakata za mu ɗauko daga Gesheme. Yanar ido ta rufe mata gani shekara da shekaru, ga shi wani likitan ido ya sauka a garinmu, an kuma ce daga azahar ɗin Jumma'a ba zai ƙara karɓar kowa ba.

Motar nan, Kawu yana kiranta Madam. Gazuwal, wato man dizal, take sha, ƙafafunta huɗu duk suna ja, rairayi ba ya ba ta tsoro. Da ita Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya yi ta yawon karɓar lanho, wato haraji, har ta tsufa, aka yi gwanjonta, Kawu ya saya da abin da ya samo a soja. Idan ta tashi, hayaƙinta yana korar sauro har Matankari.

Ciwonta ɗaya ne: famfon da ke zagaya baƙin mai cikin inji haƙoransa sun cinye, sabo kuma bai iso daga Yamai ba. Baba Kwami, bakaniken bariki mutumin Dahome, ya kama kunnena ya kai idona kan wani ɗan agogo mai allura ɗaya.

“Kai ɗan lakwal mai karatun boko, ka ga wannan? In allura ta sauka kan ja, mai ba ya yawo. Ku kashe ta nan take, ta huce, ku duba mai da sanda. In kuka ƙara taku goma, inji ya zama tukunya. Kuma kada ku yi mata lodi.”

Aikina ke nan: kallon allura. Na kalle ta har na fara ganinta a fuskar Kawu.

Hantsi na dubawa, kusa da Kiyeshe, allura ta kwanta. Na kwarma ihu, Kawu ya kashe mota daidai bakin wani ƙauye. Kafin ƙura ta lafa, ƙauyen ya watse. Na rantse har wani gurgu na gani ya tsallake darni. Sun san ƙarar Madam, ba wanda ya gaya musu ta sake maigida. Can sai ga mai gari da rakiyar tsofaffi, hula a hannu, da kaji biyu da ƙwaryar ƙwai. Ya dubi rigar sojan Kawu da lambobinta, ya dubi tamfol ɗin da ya rufe baya.

“Ranka shi daɗe, Kumandan na ciki?”

Kawu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, idonsa ya faɗa kan kajin, ya rufe. Ni kuwa na lallaɓa ƙarƙashin tamfol, na toshe hanci, na zazzago da Faransanci, kamar Kumandan ne ke magana, karatun da Mushe, malaminmu na lakwal, ya ba mu hadda kan kogunan Faransa. Kowane kogi na ambata, tsofaffi su ce, “Gaskiya ne!” Da na kai kogi na huɗu aka ƙaro zabo.

Mun kwana a Kore Mairuwa, gidan wani abokin sojan Kawu. Tuwon gero da miyar kuka, da ɗaya daga cikin kajin Kumandan.

Laraba: Tibiri zuwa Gesheme

Hanyar dallol, wato busasshen kwarin da muke bi, rairayi ce da giginya. Inda duk allura ta kwanta, sai kaji. Inda kaji suka ƙaru, Madam ta ƙara nauyi ta ƙara zafi, allura ta sake kwantawa, a sake kawo kaji. A Tibiri har da rago da buhun dawa. Na tuna wa Kawu maganar lodi, ya ce Baba Kwami bai ambaci rago ba.

Mun shiga Gesheme da la'asar. Kaka tana jin muryata ta laluba ta kamo kunnen nan dai da Baba Kwami ya ja.

“Wanga mijin nawa har yau bai yi gemu ba? Mi ka kawo mini?”

“Mota, uwargida. Hawan jaki ya ƙare.”

“Warin kashin kaji nika ji, ba mota ba.”

Gari duka ya kewaye Madam. Na hau kanta na yi musu bayani dalla-dalla: ran motar nan yana jikin allurar nan, ta tsaya a raye, ta faɗi a mutu. Cikin masu sauraro akwai Gado maƙeri, abokin Kawu tun suna yara, wanda a ƙofarsa muka ajiye ta. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Kun san al'adarmu: dokin baƙo na mai masauki ne, a ba shi ruwa, a cire masa ƙaya, ba a tambayar mai shi.

Alhamis: komowa

Da asuba Gado ya riƙe hannun Kawu ya ce, “Na duba maka abin hawanka. Ba ta ƙara wahal da kai.” Kawu ya ga an wanke ta fes, ya yi ta godiya.

Aka ɗora Kaka a gaba tsakaninmu, da sandarta da tulunta, bayan ta tofa wa kowace ƙafar mota addu'a. Muka wuce Tibiri, allura tsaye. Rana ta take, allura tsaye kamar gardi mai gadin ƙofar bariki. Muka wuce Kore Mairuwa ba mu ko sha ruwa ba. Kawu ya soma waƙar soja, yana cewa addu'ar innarsa ta fi bakaniken Dahome.

Saura kaɗan mu kai Kiyeshe, Kaka ta karkata kai.

“Arzika, wa ke daka turmi babu hatsi ƙarƙashina?”

“Inna, allura ta ce lahiya lau.”

“Ita ad da kunne ko ni? Tsaya!”

Bai tsaya ba sai da sanda ta sauka a kan jar hularsa. Da inji ya yi shiru, wani wari ya taso kamar an manta tukunya a wuta. Na ƙwanƙwasa agogon, allura ko gezau. Na sa wuƙa na ɓalle gilashin. Ga ta nan an tallafe ta da ƙayar aduwa, an liƙe da ƙaro, aiki mai tsabta. Gado ya cire wa dokin baƙo ƙaya, ya sa masa wata. Ina zare ƙayar, allura ta faɗi warwas.

Muka jira Madam ta huce, muka ƙara mai, Kawu ya tayar. Allura ba ta ko ɗaga kai ba, dakan turmin kuwa ya dawo. Famfo ya gama aikinsa a duniya. Kawu ya kashe, ya zauna a rairayi ya dafe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba, wasa ya fita daga bakina.

“Zan tuƙa ta hakanan,” in ji shi. “In ta ƙone ta ƙone. Idonki ya fi ta.”

“Ta ƙone a daji, ka rasa mota in rasa likita? Kai dai tun kana yaro gaggawa gare ka. Ina jin kukan shanu yamma da mu. Ku kai ni.”

Ruga ce, ta wani dattijo Ardo Juli, wanda shekaranjiya ya kawo wa Kumandan ƙwaryar nono da zakara. Kaka ta sa na kwance zakaran na miƙa masa da hannu biyu, sannan ta ce in karanta kogunan Faransa ba tare da tamfol ba. Na karanta. Ardo ya yi dariya har rawaninsa ya warware.

“Ai na sani,” ya ce. “Ƙafar Kumandan ta leƙo ta ƙarƙashin tamfol, da kaushi da faso. Na ce Nasaran da talauci ya kai shi haka, a taimake shi.”

Ya ba mu takarkarai huɗu da ƴaƴansa biyu da igiyar rijiya. Sharaɗin Kaka ɗaya ne: duk ƙauyen da muka bi, a sauke abin da aka karɓa, na nesa kuma a aika musu ran kasuwa. Kazar da muka ci, Kawu zai biya da tasa kazar. A ƙauyen farko mai gari ya karɓi abinsa, ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya ga rago, ya cire hula ya gaishe shi.

Jumma'a: Dogon Dutsi

Mun yada zango a Kiyeshe shanu suka huta, da sanyin asuba muka ci gaba. Hantsi ya yi muka hango dutsen garinmu. Ranar kasuwa ce, don haka duk Arewa ta ga shigarmu: shanu huɗu a gaba, Madam a baya shiru kamar amarya, Kawu riƙe da sitiyari yana matsa oda wai a ba shi hanya. Gardin ƙofar bariki ya ɗaga hannu zai sara, ya rasa wa zai sara wa, ya sara wa shanun.

Kaka ce ta ƙarshe da likita ya karɓa. Baba Kwami ya kwance ƙasan inji ya leƙa, ya ce da mun ƙara ko zagayen kasuwa ɗaya da sai dai a yi akurki da ita. Ƙayar kuwa ya roƙa a bar masa.

Ranar da aka kwance wa Kaka ƙyalle, ido ɗaya ya buɗe, ɗayan ya ƙi. Ta dubi innata ta yi kuka, ta dubi Kawu ta ce ya tsufa, ta dube ni ta ce an cuce ta a auren nan. Sannan ta ce a kai ta ta ga abin da ya kawo ta. Ta zagaya Madam, ta ga ƙofar da aka ɗaure da igiya, ta ga kashin kaji, ta ga ƙafar da aka cusa wa ciyawa.

“Cikin wagga na shiga?”

“Cikinta, Inna.”

“Allah Ya yi mini rahama da makanta. Gida kam, a nemo mini jaki.”

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya komo da mu, ga Ardo Juli da shanunsa, da mutanen ƙauyukan da suka karɓi kajinsu ba su bi mu da sanda ba. Gado ma ya aiko da gaisuwa, yana tambaya ko akwai sauran abin da ke faɗuwa a motar.