Kwalaben Anti Rahila

Shekara shida ke nan da rasuwar Anti Rahila, yayar mahaifina. Na so in rubuta mata abu mai daɗi, amma abin da ya faru makon jiya ya hana ni.

Dakta ce, amma ba ta allura ba. Aikinta nazarin wasu halittu ne masu ƙwaya ɗaya tak, da ke iyo a ruwan kwata, ido ba ya ganinsu. Ina ƙarama na sha ganinta a tsugune bakin kwatar bayan gidanmu a Narayi, tana ɗibar ruwa a kwalba. Mata masu wucewa sukan ce, "Duk karatun nan, a kwata ya ƙare?" Mu 'yan gida sai mu sunkuyar da kai.

Ta taɓa ɗora ni kan kujera na leƙa madubinta na ganin ƙananan halittu. Na ga wani abu kamar tafin silifa, jikinsa duk gashi, yana gudu. Ta ce a cikin kowane gashi akwai siraran bututu, su ne ke kaɗa shi. Irinsu ne kuma ke riƙe ƙwayar kamar azara, su ja kayanta gida biyu in za ta rabu. Ta ce har a jikina akwai su. Na yi kuka na ce a cire mini.

Ba ta yi aure ba. Ranar jana'izarta, da aka zo wurin faɗin waɗanda mamaci ya bari, mai karatu bai ga sunan miji ko na ɗa ba, ya wuce.

Bana ƙanena ya kwanta, zazzaɓi ya ƙi sauka. Wasu mata masu zagayen addu'a suka zo, suka ce matsalar tana ɗakin Anti, wai abin da take kiwo a kwalabe ne yake jin yunwa. Fastonmu ba ya gari. Baba, wanda rashin barci ya gama da shi, ya miƙa musu makulli. Suka fasa kwalaben, waɗanda suka bushe tun tuni. Suka tara hotunan da ta ɗauka ta madubi da gilasanta a tsakar gida, aka zuba kananzir. Ana cikin waƙa na sungumi akwatin madubin na bi ta ƙofar baya. Wata ta yi ihu, "Ku tare ta, abin ya shige ta!" Har yanzu ina jin takun ƙafafu a bayana.

Keke Napep ya tsallaka da ni gada zuwa wurin Malam Sani, tsohon ɗalibinta, wanda ba ya fashin gaishe mu duk Kirsimeti. Ya karɓi akwatin, ya ce, "Ƙanwata, hotunan fa?" Ta yaya zan gaya wa bare abin da 'yan'uwanta suka yi?

Bai sake tambaya ba. Ya sauko da wata kwalba daga kanta, ya ɗiga ruwanta a gilashi, ya ce in leƙa. Ga silifan nan suna ta gudu.

"Na kwatarku ne," in ji shi. "Tun tana raye suke rabuwa. Ta aika wa abokan aikinta a Ibadan, da wata tsohuwa a ƙasar waje da suka yi shekaru suna rubutu tare. Ɗalibansu har yau da su suke gwada yadda bututun ke aiki. Dangin Anti sun fi naku yawa."

Na yi dariya, sai kuka ya biyo.

Da tana nan, ban san me za ta ce da mu ba. Ina jin ƙanena za ta fara kaiwa asibiti, yadda Malam Sani ya matsa aka yi washegari. Yanzu yana samun sauƙi, matan kuma sun ce wutar ce ta yi aiki. Baba ba ya kallon baƙin tabon da ke tsakar gida. Ni ma kewaye shi nake yi.

Madubin yana wurin Malam Sani, don ban da ƙarfin halin dawo da shi. Amma ya cika mini ƙaramar kwalba da ruwan silifan nan, ya ce abincinsu dafaffiyar ƙwayar alkama ce, guda ɗaya, lokaci-lokaci. Tana bayan akwatin kayana. Matan nan sun yi gaskiya a abu ɗaya: abin da Anti ta bari yana jin yunwa. Yau da safe na jefa masa ƙwayarsa.